Indiya ta ƙi yin ubangida a waje, amma wa ke ɗaukar nauyin a cikin gida?

Auwalu Haidarabad:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tun shekaranjiya ake ta yawo da hoton nan na firaministan Indiya Modi da Putin da Xi Jinping a birnin Tianjin na Chaina, suna riƙe da hannun juna suna dariya, mutanenmu na ta rubuta "ga mazaje nan, sun taka wa Amurka burki". Shekarata ta huɗu ke nan ina karatun haɗa magunguna a Haidarabad, kuma wallahi abin da nake ji a bakin mutane a nan ya fi ƙarfin hoto. Ranar 27 ga Agustan 2025 kuɗin fiton da Trump ya ɗora wa kayan Indiya ya kai kashi 50 cikin 100, rabinsa horo ne saboda sayen man Rasha. Abokin zamana a ɗaki ɗan jihar Tamil Nadu ne, mahaifinsa tela ne a masana'antar riguna a garin Tiruppur, kuma yawancin abin da suke ɗinkawa Amurka yake tafiya. An riga an rage musu kwanakin aiki. Yaron nan kwana biyu bai ci abincin kirki ba, tunanin kuɗin makaranta ya hana shi sakat. Shi ya sa nake tambaya: wannan tsayuwar dakan da muke yaba wa, wa ke biyan kuɗinta?

Nasiru Mai Kayan Gyara:
Wa alaikumus salam. Auwalu, ni dai na yaba musu, ba zan ɓoye ba. Duk kayan Boxer da na A-daidaita-sahu da ke shagona daga can suke zuwa, Bajaj da TVS. Ƙasar da ke ƙera abin hawanta da maganinta ita ce ke iya kallon Amurka ido da ido ta ce a'a. Wahala kuwa dole ce, sai an sha wuya akan sha daɗi.

Malam Habu:
Bari in sa baki a matsayina na wanda ya fi ku ganin jiya. Wannan hali na Indiya ba Modi ya ƙirƙiro shi ba, gado ya tarar. Nehru, firaministansu na farko, na cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar 'yan ba-ruwanmu, daga taron Bandung na 1955 zuwa na Belgrade a 1961. A 1971, lokacin yaƙin da ya haifi Bangladesh, Amurka ta goyi bayan Pakistan har ta tura jirgin yaƙinta tekun Bengal, Tarayyar Sobiyet kuwa ta tsaya wa Indiya. Mutumin Indiya bai manta wannan ba. To don yau an ce masa ya juya wa Mosko baya, ai sai ya tuna wanda ya rufa masa asiri ranar da ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Mu ma mun san su tun da daɗewa. Malamin da ya koya mini lissafi a sakandare Ba'indiye ne, da yawa daga cikin sa'o'ina haka. Makarantar horas da hafsoshi ta Kaduna ma da taimakon sojojinsu aka kafa ta a 1964.

Auwalu Haidarabad:
Gaskiya ne Baba, Allah ya ƙara lafiya. Sai dai ni ina ganin na yanzu ya fi kama da lissafin kasuwa fiye da aƙida. Indiya na shigo da sama da kashi 85 cikin 100 na ɗanyen man da take amfani da shi. Kafin yaƙin Yukren abin da take saya daga Rasha bai kai kashi 2 ba. Da Turawa suka ƙaurace, Rasha ta karya farashi, sai ya haura kashi ɗaya bisa uku. Ministan harkokin wajensu Jaishankar ya faɗa wa Turawa a bainar jama'a a 2022 cewa abin da suke saya daga Rasha a wuni guda ya fi na Indiya a wata. Amma ku lura, wannan Indiyar tana cikin ƙawancen Quad tare da Amurka da Japan da Ostireliya, tana cikin BRICS tare da Rasha da Chaina, tana sayen makamai a Isra'ila da Faransa da Rasha duka. Kowace rumfa tana da tabarma a ciki.

Abin da ke damuna shi ne ribar man nan. Manyan matatu ne suka fi cin moriyarta, irin ta Jamnagar ta kamfanin Reliance, suka riƙa tacewa suna sayarwa har Turai. Shi kuwa telan Tiruppur, da mai goge lu'ulu'u a Surat, da mai kiwon jatan lande a Andhra Pradesh, su ne sandar ta faɗa wa.

Hajiya Rakiya:
Auwalu ɗana, ka taɓo inda nake. Shekara goma sha ɗaya ina zuwa Surat sarin yadi da mayafai. Wanda nake saya a wajensa ya kira ni makon jiya da kansa yana cewa in zo, zai sauƙaƙa mini. Bai taɓa kirana ba sai dai ni in kira shi. Ya ce masu aikin lu'ulu'u da yawa sun fara komawa ƙauyukansu, garin ya yi sanyi.

Isufu Ɗan Maraɗi:
Ni nawa ƙorafin daban ne. A watan Yulin 2023 Indiya ta hana fitar da farar shinkafa wadda ba basmati ba, wata guda bayan nan ta ɗora kashi 20 kan dafaffiya. Su ne ke da kusan kashi 40 na shinkafar da ake saye da sayarwa a duniya. Mu a lokacin ga takunkumin CEDEAO (ECOWAS) kan Nijar, ga iyakar Benin a rufe, ga wannan. Buhu ya tashi, magidanta sun ji a jikinsu. Bayan wata biyu sai ga su a taron G20 na Delhi suna cewa su ne muryar ƙasashe masu tasowa, sun shigar da Tarayyar Afirka. Na ji daɗin shigarwar, amma tukunyar gidana ba ta shaida ba.

Nasiru Mai Kayan Gyara:
To Isufu laifinsu ne don sun fara ciyar da nasu? Zaɓe na gabansu, damina ba ta yi kyau ba. Ko kai ne ai gida za ka fara dubawa.

Isufu Ɗan Maraɗi:
Ban ce kada su duba gida ba. Cewa na yi kada mu ɗauke su iyayen gidan talakawan duniya. Kowa tasa ta fisshe shi.

Barista Sadiya:
Ku yi haƙuri, tun ɗazu ana maganar mai da shinkafa, an bar babban abin. Ina karanta shari'o'in kotun ƙolin Indiya saboda aikina, tsarin shari'armu da nasu duk daga Ingila muka gada, lauyoyinmu kan kafa hujja da hukuncinsu. Abin da na gani a shekaru goman nan shi ne ana sauya ma'anar zama ɗan ƙasa a hankali, ta hanyar doka, ba da bindiga ba.

A ƙidayar 2011 Musulmi kashi 14 ne da ɗoriya, mutum miliyan 172, yanzu sun doshi miliyan 200. Ranar 5 ga Agustan 2019 aka soke sashe na 370 da ya ba Kashmir matsayi na musamman, ita ce jiha ɗaya tilo da Musulmi ke da rinjaye, aka raba ta biyu aka mai da ita ƙarƙashin gwamnatin tarayya, aka rufe intanet wata da watanni. A Nuwamban shekarar kotun ƙoli ta ba Hindu filin masallacin Babri na garin Ayodhya da aka rushe ranar 6 ga Disamban 1992, duk da cewa a cikin hukuncin ta amince rushewar saɓa wa doka ce. A Disamba aka yi dokar zama ɗan ƙasa: wanda ya gudo daga Pakistan ko Bangladesh ko Afganistan, in Hindu ne ko Sikh ko Kirista ko mabiyin Buddha ko Jain ko Parsi, an buɗe masa gajeriyar hanya. In Musulmi ne babu. Tsarin mulkin da Ambedkar ya jagoranci rubutawa bai san wannan bambanci ba.

Na baya-bayan nan ita ce dokar waƙafi ta Afrilun 2025, wadda ta ba da damar sa waɗanda ba Musulmi ba a hukumomin kula da waƙafi, ta kuma ƙara wa jami'an gwamnati iko kan filayen da ake taƙaddama. Maganar masallatai ce da maƙabartu da makarantu, da yawansu an yi waƙafinsu da baki ɗaruruwan shekaru da suka wuce, babu takarda. Tana gaban kotun ƙoli yanzu. Don haka in an ce mini "ga mazaje", sai in tambaya, a kan wa ake nuna mazantakar?

Nasiru Mai Kayan Gyara:
Barista wallahi ban san abin ya kai haka ba. Na ɗauka rigimar Kashmir ce kawai.

Malam Habu:
'Yata Sadiya, duk abin da kika lissafa haka yake, kuma yana ci mini rai. Amma adalci ya sa in ƙara wani abu. Koma-bayan Musulmin Indiya bai fara daga 2014 da Modi ya hau mulki ba. Kwamitin Sachar da gwamnatin jam'iyyar Congress ta kafa da kanta ya ba da rahoto a 2006 cewa a ilimi da aikin gwamnati da samun bashin banki an bar su a baya ƙwarai, alhali jam'iyyar da suka daɗe suna zaɓa ita ta fi kowa daɗewa a mulki. Babri ma a zamanin Congress aka rushe shi, Narasimha Rao na firaminista. Wancan sakaci ne, wannan kuwa da gangan ne, na yarda ba ɗaya ba ne. Amma wanda ya bar ƙofa a buɗe yana da nasa kason.

Auwalu Haidarabad:
Anti Sadiya, bari in faɗi yadda abin yake a ƙasa, don Indiya ba ƙasa ɗaya ba ce a zahiri, nahiya ce. Nan Haidarabad nake sallar Juma'a a masallacin Makka da ke kusa da Charminar, sahu har kan titi, ana kiran salla da lasifika, ana sayar da naman shanu a unguwa, ɗan majalisar yankin Asaduddin Owaisi ne tun 2004 kuma ba ya tauna magana. Ban taɓa jin tsoro ba. Amma abokaina 'yan Uttar Pradesh labarinsu daban. Ɗayansu in zai hau jirgin ƙasa zuwa gida sai ya cire hula ya sa a jaka, mahaifiyarsa kuma ta hana shi tafiya da guzurin nama ko na akuya ne, don kada wani ya ce saniya ce. Tun kisan Muhammad Akhlaq a Dadri a 2015 kan jita-jitar nama wannan tsoro ya shiga gidaje. Sannan ga neman hayar ɗaki. Na raka wani abokina unguwanni uku a wani gari, ana jin sunansa sai a ce an riga an bayar.

Ga kuma katafila. A wasu jihohin in an zargi mutum da shiga tarzoma, washegari sai a zo a rushe gidansa a ce ba shi da izinin gini, iyalinsa na tsaye suna kallo.

Barista Sadiya:
A kan wannan kam kotun ƙoli ta yi abin kirki a Nuwamban 2024. Ta ce jami'in gwamnati ba alƙali ba ne, dole a ba da sanarwar kwana 15, kuma wanda ya rushe ba bisa ƙa'ida ba zai iya biya daga aljihunsa. Saura aiwatarwa.

Maman Ilham (Jidda):
Salamu alaikum, yanzu na sauko daga aiki na tarar da zancen. Ni ma'aikaciyar jinya ce, rabin abokan aikina 'yan Kerala ne, Kirista da Musulmi da Hindu, tare suke cin abinci a faranti ɗaya. Ina so in haɗa muku maganar Barista da ta Auwalu, don a nan Tekun Fasha ake ganin inda suka haɗu. Indiyawa kusan miliyan tara ne a ƙasashen nan. Kuɗin da 'yan Indiya ke aikawa gida daga duniya ya wuce dala biliyan 100 a shekara, babu ƙasar da ta kai su. A ƙarshen watan Mayun 2022 da kakakin BJP, jam'iyyar Modi, Nupur Sharma ta yi kalaman ɓatanci ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Musulmin Indiya sun yi kwanaki suna kuka ba a kula su ba. Da Ƙatar da Kuwait suka kira jakadun Indiya, Saudiyya ta yi tir, shaguna suka fara sauke kayan Indiya daga kanta, nan da nan aka dakatar da ita. Wata abokiyar aikina Musulma ta ce mini abin da ya fi ƙona mata rai shi ne gwamnatinta ta fi jin muryar baƙo fiye da tata.

Kuma ku duba, bayan harin Pahalgam a Kashmir na Afrilun 2025 da aka kashe mutum 26 da faɗan kwana huɗu da Pakistan a Mayu, wa aka tura ƙasashen Larabawa ya yi bayani? Har da Owaisi ɗin da Auwalu ya ambata. Wadda ta tsaya gaban 'yan jarida da kakin soja ranar farko Kanar Sofiya Qureshi ce. In ana buƙatar fuskar Musulmi a waje an san inda suke.

Isufu Ɗan Maraɗi:
Haka batun Falasɗinu. Indiya ta amince da ƙasar Falasɗinu tun 1988, ba ta ƙulla cikakkiyar hulɗa da Isra'ila ba sai 1992. Yau kuwa a Oktoban 2023 ta ƙaurace wa ƙuri'ar tsagaita wuta a Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma leburorinta na zuwa Isra'ila aikin gini a gurbin Falasɗinawa.

Hajiya Rakiya:
To ni tambayata, in abin haka yake, me ya sa talakawa ke ta zaɓen Modi har sau uku? Don na ga matan da ke son mutumin nan tsakani da Allah.

Auwalu Haidarabad:
Hajiya, amsar na cikin ɗakin girki. Mutum kusan miliyan 800 na karɓar kilo biyar na shinkafa ko alkama kyauta duk wata. An raba wa mata matalauta tukunyar gas tun 2016, an gina masai a ƙauyuka, an buɗe wa mutane asusun banki kuɗin tallafi na faɗawa kai tsaye ba ta hannun wani ɗan siyasar unguwa ba. Matar da ke mana shara ta ce shekara talatin tana hura itace idonta na hawaye, yanzu ta huta. Ba za ki ce mata kada ta gode ba. Mai shayi da mai sayar da ayaba a bakin titi kowa na da ɗan hoton lambar UPI, tsarin biyan kuɗi ta waya, a rataye, ka nuna waya ka biya rupi goma. Ni sai in yi wata ban taɓa takardar kuɗi ba.

Amma ba a nan zancen ya tsaya ba. Tallafi na hana yunwa, ba ya ba da aiki. Masu digiri na ta rububin gurbin share ofis a gwamnati. Waɗanda suka fid da rai suna sayar da gonar gado su bi ɓarauniyar hanya zuwa Amurka. A Fabrairun 2025 jirgin sojan Amurka ya sauke mutum 104 a Amritsar da ankwa a hannu da mari a ƙafa, yawanci 'yan Punjab da Haryana da Gujarat. Gujarat fa, jihar Modi.

Malam Habu:
Kuma kada a manta talakan nan ya nuna yana da haƙora. A zaɓen 2024 BJP ta shiga da kirarin za su haura kujeru 400 ita da ƙawayenta, ta tashi da 240 cikin 543, ba ta kai 272 da ake buƙata ba. Yanzu da sandar Chandrababu Naidu da Nitish Kumar, jagororin jam'iyyun ƙawance, take dogarawa. Abin da ya fi burge ni shi ne mazaɓar Faizabad, inda Ayodhya take. A Janairu Modi ya buɗe wurin bautar Ram a filin Babri da gagarumin biki, a Yuni mutanen wurin suka kayar da ɗan takararsa, suka zaɓi Awadhesh Prasad na jam'iyyar Samajwadi, ɗan ƙabilar Dalit da a da ake ƙyamar taɓawa. Dalit da yawa sun ji tsoron in BJP ta samu rinjaye mai yawa za ta taɓa tsarin mulki da gurabun da aka keɓe musu. Manoma ma haka, shekara guda cur suna kwana a kan hanyoyin shiga Delhi, sanyi da zafi, har Modi ya janye dokokin noma uku a Nuwamban 2021.

Wannan ne ma ya sa na ce, Auwalu, rikicin da Trump ba na mai kaɗai ba ne. Amurka na so a buɗe mata kasuwar madara da masara da waken soya. Indiya ce ta fi kowa samar da madara a duniya, kuma ba manyan gonaki ba ne, iyalai ne masu saniya biyu ko ɓauna uku, mata ne ke tatsa su kai wa ƙungiya irin Amul. Duk shugaban da ya buɗe wannan ƙofa ya san sakamakonsa a akwati. Sai ya zaɓi telan Tiruppur ya sha wuya maimakon manomi.

Barista Sadiya:
Baba na yarda akwati ya yi aiki, amma ka duba wanda ya yi wa aiki. Dalit ya kare kansa da ƙuri'a, manomi ya kare kansa da zaman dirshan. Musulmi fa? Mutum 24 kawai suka shiga majalisar cikin 543, ƙasa da kashi 5, alhali su kashi 14 ne. Majalisar ministocin da aka rantsar a Yunin 2024 babu Musulmi ko ɗaya. Matan Shaheen Bagh sun yi kusan kwana 100 a kan titi a Delhi suna adawa da dokar zama ɗan ƙasa, tsofaffi da jikoki a cinya, dokar na nan, an ma fara aiki da ita a Maris na 2024. Jam'iyyun adawa na son ƙuri'arsu amma suna tsoron ambaton sunansu a kan dandamali. Ana ta tsorata Hindu cewa Musulmi za su rinjaye su da haihuwa, alhali binciken gwamnati na 2019 zuwa 2021 ya nuna matsakaicin haihuwar mace Musulma ya sauko zuwa 2.4 daga 4.4 a farkon shekarun 1990.

Nasiru Mai Kayan Gyara:
Na ji, kuma na rage murya. Amma har yanzu ina nan kan cewa ƙin durƙusa wa Trump daidai ne. Chaina ta fi su sayen man Rasha, me ya sa ba a ɗora mata wannan horon ba?

Auwalu Haidarabad:
Saboda Chaina na da abin ramuwa, Yaya Nasiru, Indiya kuwa ba ta da shi sosai. Kuma kada hoton ya ruɗe mu. A Yunin 2020 sojojin Indiya 20 suka mutu a kwarin Galwan a hannun na Chaina, har yau TikTok a haramce yake a nan. Makaman da Pakistan ta yi amfani da su a Mayu yawancinsu na Chaina ne. Sinadaran da masana'antun magani na garin nan ke haɗa ƙwayoyi da su, kaso mai yawa daga Chaina ake kawowa, malamanmu kullum sai sun yi wannan ƙorafi a aji. Shekara bakwai rabon Modi da taka ƙasar sai yanzu da ƙofar Washington ta yi nauyi.

Maman Ilham (Jidda):
Auwalu, yaron ɗakinku fa, ya ake ciki da kuɗin makarantar?

Auwalu Haidarabad:
Yayarsa na aikin jinya a Maskat, ta ce za ta turo rabi ƙarshen wata. Sauran mun fara haɗawa mu 'yan aji, Hindu da Musulmi da mu baƙi uku 'yan Afirka. Mahaifin ya ce in ba a sasanta ba kafin bikin Diwali zai koma ƙauye noman rake.

Hajiya Rakiya:
Turo mini yadda zan sa nawa ta akwatin sirri. Watan gobe in sha Allah zan shigo Surat, in na ga yadda kasuwar take zan faɗa muku. Barista, ke kuma in kotu ta ce wani abu kan waƙafin nan ki sanar da mu, don mai yadin da nake saya a wajensa yana cikin kwamitin maƙabartar unguwarsu, kuma ya ce ba su da takarda ko ɗaya.